In Za Ka Tafi, Ka Tafi Da Rana

Ran nan da la'asar sakaliya ina zaune a zaure, sai ga wani ɗan unguwarmu ya yi sallama, rungume da jakar takardu. Malami ne a wata jami'a ta ƙasar nan, yana koyar da ilmin haɗa magunguna, shekararsa 11 ke nan a bakin aiki. Tare da wansa muka yi karatun allo, saboda haka Yaya ya ke ce mini, ni kuwa tun da ya sami babban digiri na ke ce masa Dokta. Da muka gaisa sai ya waiga dama da hagu, ya rage murya, ya ce, "Yaya, Allah ya yi. Wata jami'a a Ingila ta ɗauke ni koyarwa na shekara 3. Kai ma'aikacin ofis ne, ka san kan takardu, ina so ka taya ni jera su. Amma don Allah kada kowa ya ji."

Na yi masa barka, na yi masa addu'a. Sa'an nan na ce, "To, Dokta, wurin aikinka fa, me ka gaya musu?" Ya ce ya nemi hutun nan na shekara guda da a kan ba malaman jami'a, in ya isa can ya zauna daram sai ya aiko musu da takardar barin aiki. Na ce, "Ɗalibanka fa?" Domin na san yana da mutum 7 da ya ke duba musu kundin bincike. Ya yi murmushi, ya ce, "Yaya, Allah ba zai hana su wani ba."

Takardu dai na jera masa su, don ba a hana ɗan'uwa abin da ba shi da wuya. Amma ban bar shi ya tashi ba sai da na gaya masa abin da ke raina, kuma da saninsa na ke rubuta shi a nan, gama ba shi kaɗai ke irin wannan shiri ba. Maganata guda ce. Malamin da ya sami koyarwa a wata ƙasa yana da iko ya tafi, ba wanda ya isa ya kira shi maci amana saboda tafiyar. Amma wanda ya sulale, ya bar ɗalibai a tsakiyar kogi, ya yaudari wurin aikinsa da sunan hutu, wannan ya ci amana, ko da kuwa an zalunce shi kafin ya tafi.

Ku da kuka zauna ajin yaƙi da jahilci kun fi kowa sanin zafin abin da na ke faɗi. Ku tuna lokacin da kuka fara haɗa baƙi da wasali, hannu na rawa. Da a ce wata rana kun zo aji kun tarar malam ya kwashe allinsa ya bar gari ba sallama, yau da wa zai karanta muku wannan littafi?

Amsa ga masu zagi

Bari in fara da masu zagin matafiya, don kada su zaci ina bayansu. A majalisa ka kan ji wani yana cewa ƙasa ta ilmantar da su, sun ci moriyar ganga sun ya da kwaurenta. Mai wannan magana sai mu tambaye shi, ilmin da ke ƙasar nan daga ƙasa ya tsiro kamar tafasa? Ai da ƙafa ya zo. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, malamai Wangarawa suka zo daga Mali. A zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya taso tun daga Tilimsan, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, ya zauna Kano ya karantar, har ya rubuta wa sarki littafi a kan yadda a ke riƙon jama'a. Da aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano a 1934, daga Sudan aka ɗauko shaihunan da suka fara koyarwa. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, shugabanta na farko, Norman Alexander, mutumin New Zealand ne. Abdullahi Smith, Baturen Ingila, shi ya kafa sashen tarihi a can, ya yaye malamai da yawa, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Kowane ɗayan waɗannan ya bar garinsu ya zo ya koyar da mu. Ba mu taɓa kiran ko ɗaya maci amanar ƙasarsu ba, albarka mu ke sa musu.

Namu ma sun daɗe suna fita. Malam Muhammadu Bakatsine, masanin lissafi da taurari, ya tafi aikin hajji, ya zauna Alƙahira yana karantarwa yana rubuta littattafai, can ya rasu a 1741. Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram, ya bi Baturen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, zuwa Ingila a 1855. Daga bakinsa wani mai suna Schön ya rubuta Hausar da Turawa suka daɗe suna koyo da ita. Ya komo a 1864, daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Ashe kuwa tafiyar malami tsohuwar hanya ce, ba yaran yau suka fara ta ba.

Kuma mai zagi ya kamata ya dubi abin da ke korarsu. A 2009 gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar malaman jami'a, aka shafe fiye da shekara 10 ana jayayya a kan cika ta. A 2020 malamai suka yi yajin aiki na wata 9, daga Maris zuwa Disamba. A 2022 suka sake yin na wata 8, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, aka riƙe musu albashin watannin nan, sai daga baya aka biya wani sashe. Kafin Yuni na 2023 dala ɗaya wajen naira 460 ce a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. Watau mutum yana zaune a kujerarsa, bai yi laifin kome ba, albashinsa ya narke kamar man shanu a rana. Littafin da zai saya da dala a ke sayar da shi, haka kayan ɗakin gwaje-gwaje. Wanda bai taɓa kwana wata 8 ba albashi ba, ga iyali, ga mai gidan haya na sallama, ya yi hankali da bakinsa kafin ya kira wani maci amana.

Inda laifin ya ke

To, na ba matafiyi haƙƙinsa. Yanzu sai ya saurari nasa laifin. Ina da ɗa, ɗan yayata, wanda ya shiga neman digiri na biyu a wata jami'a. Ubansa manomi ne, bijimai 2 ya sayar don kuɗin makarantar. Yaro ya yi shekara guda yana aiki a hannun wani malami, ya tattara abin da zai tattara, ya rubuta babi 3. Ran nan ya je ofis ya tarar da ƙofa a kulle. Aka ce malam ya tafi hutu, ya kusa komowa. Ya buga waya, ba ta shiga. Ya aika da saƙo, shiru. Tun da a takarda malam hutu ya tafi, ba a iya ba yaron wani malami ba, ba a kuma iya ɗaukar wani a gurbinsa ba, domin gurbin bai zama fanko ba. Wata 14 yaron nan ya yi yana sintiri. Da takardar barin aiki ta iso aka miƙa shi ga wani, shi kuwa ya duba ya ce wannan ba fanninsa ba ne, sai a sake sabon lale. Karatun shekara 2 ya ci 5, kowace shekara kuma sai an biya kuɗin rajista. Malamin nan bai ɗauki ko kwabon yaron ba, amma shekara 3 ya sace masa, ita kuwa shekara ba a biyan diyyarta.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne, allo na yi da firamare. Amma aikin ofis ya koya mini abu guda: ba a barin kujera sai an miƙa aiki. Tsofaffin ma'aikata sun ba mu labarin zamanin En'e, kafin a sauya tsarin a 1976. In za a ɗauke ma'aji daga baitulmali, sai shi da magajinsa su zauna a buɗe asusu, a ƙidaya kuɗi, a gwada da littafi, a lissafta makullai, kowa ya sa hannu. In sule ɗaya ya ɓace ba ya tafiya sai an gano shi. Malamin haraji ma ba ya barin gunduma da rasit a aljihu. To, in kuɗin baitulmali a ke yi wa wannan tsanani, yaya za a ce mai riƙe da 'ya'yan mutane ya sa kwaɗo a ƙofa ya hau jirgi?

Na san hujjojinsu, domin Dokta ya kawo mini su ɗaya ɗaya. Ta farko, ya ce in ya faɗi, mahassada za su ɓata masa, ko shugaban sashe ya sa masa ƙafa. Na ce wannan tana da rabin gaskiya. Mutanenmu sun saba rufe al'amari har ya nuna, kuma ba wanda ya ce ka yi shela tun kana neman aikin. Amma daga ran da takardar ɗauka ta shiga hannunka, biza ta fito, me ya rage da mahassadi zai ɓata? Ɓoyon da ya wuce wannan lokaci ba ya tsare kome sai bashin da ke kanka. Kuma aikin jami'a ba bauta ba ne. Sharuɗɗan aikin sun tanadi wa'adin da mai son bari zai bayar, in ya cika shi ba shugaban da ya isa ya ɗaure shi a turke.

Ta biyu, ya ce ai shi ma an ci haƙƙinsa, wa ya yi masa sallama da aka riƙe masa albashi? Na ce gaskiya ne, amma ɗalibanka 7 ne suka riƙe shi? Su ma wata 8 ɗin nan a gida suka yi shi, suna ƙirga kwanaki. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki. In kana da fushi da gwamnati, ga ƙungiya, ga jarida, ga kotu. Ɗan manomin da ubansa ya sayar da bijimai ba shi da hannu a ciki.

Ta uku, ya ce shi mutum ɗaya ne, me tafiyarsa za ta rage? Wannan ita ce ta fi sauran rauni. Akwai asusun gwamnati mai suna TETFund, wanda ya daɗe yana biya wa malaman jami'a kuɗin ƙaro ilmi a ƙasashen waje, da sharaɗin su komo su yi aiki. A ƙarshen 2024 asusun ya ba da sanarwa ya dakatar da aika sababbin malamai waje daga 1 ga Janairu na 2025. Dalili biyu ya faɗi: tsadar canjin kuɗi, da yawan waɗanda aka aika suka ƙi komowa. Kowane ɗayansu da zai tafi ya ce wa ransa shi mutum ɗaya ne. Da aka haɗa su sai ga shi sun rufe ƙofa a fuskar ƙannensu. Mai sulalewa da sunan hutu haka zai jawo, gobe in malamin kirki ya nemi hutun da ya cancanta a yi masa kallon ɓarawo.

Shirin da ya wuce akwati

Mai ɓoyo ba ɗalibai kaɗai ya ke cuta ba, har da kansa, domin wanda ke ɓoye tafiya ba ya samun mai ba shi shawara. Da na buɗe jakar Dokta na tarar da fasfo, da takardar jami'ar da ta ɗauke shi, da shaidar gwajin tarin fuka da Ingila ke nema ga mai zuwa daga Nijeriya. Duk sun cika. Abu ɗaya ne babu, watau lissafi. Ya ɗauki albashin da aka yi masa alkawari ya juya shi zuwa naira, ya ga adadin da bai taɓa gani ba, hankalinsa ya tashi sama. Na ce, "Dokta, wanda zai ci tuwo da fam, ya biya haya da fam, ba ya lissafi da naira."

Muka ɗauki fensir. Ingila tana karɓar kuɗin asibiti daga baƙo tun kafin ta ba shi biza, na dukan shekarun da zai yi, gaba ɗaya. A Fabrairu na 2024 aka mai da shi fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro. Dokta yana da mata ɗaya da 'ya'ya 3. Shi da matarsa na shekara 3 ya kama fam 6,210, na yara ya kama fam 6,984, jimla fam 13,194, ban da kuɗin bizar kanta, ban da kuɗin jirgi, ban da abin da mai gida zai karɓa na ajiya kafin ya ba da makulli. Sa'an nan ga haraji. Bisa ƙa'idar 2024, fam 12,570 na farko a shekara ba a taɓa su, abin da ya haura a cire kashi 20 cikin 100 har zuwa fam 50,270, ban da wani kuɗin inshora da a ke cirewa, da harajin gida na hukumar gari, da kuɗin ɗumama ɗaki da sanyi. Da muka kai ƙasan takarda Dokta ya cire hularsa ya ajiye.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Bizar aiki a ɗaure ta ke da wanda ya ɗauke ka. In aikin ya yanke kafin lokacinsa, a kan ba mutum kwana 60 ya sami wani mai ɗaukarsa, in bai samu ba ya fita ƙasar da iyalinsa. Wannan kuwa ba tatsuniya ba ce, domin a 2024 da 2025 jami'o'in Ingila da yawa sun rage ma'aikata saboda ƙarancin kuɗi. Wanda ya tafi da sallama, in abin ya juya masa baya, yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a gida. Wanda ya sulale fa, da wace fuska zai komo? Ba a ganin hadari a zubar da ruwan tulu. Kwantiragin shekara 3 hadari ne, kujerar shekara 11 ita ce ruwan tulu.

Sauran abubuwa kuma sai wanda ya riga ka zuwa zai gaya maka, shi kuwa ba zai gaya maka ba sai ya san za ka. Mai mata fiye da ɗaya ya sani dokar shige da fice ta Ingila mata ɗaya ta yarda ya kawo, sauran sai ya san yadda zai yi adalci tun daga gida. A London rana ta kan yi fiye da awa 16 a watan Yuni, a Disamba kuwa ba ta cika awa 8 ba, har mutum ya yi azahar da la'asar da magariba yana wurin aiki. In azumi ya faɗo a Yuni, kamar yadda ya yi a 2016, ya kan kai awa 18. A aji ɗalibi zai kira ka da sunanka na yanka ba ko Malam, ba da raini ya ke nufi ba, al'adarsu ce. In zango ya ƙare kuma ɗalibai ne za a ba takarda su faɗi yadda suka ga koyarwarka. Matar da ta saba da gida cike da 'yan'uwa za ta wuni ita kaɗai tsakanin bango huɗu. Ga kuma tsohuwa da za a bari a gida. Kuɗin da za ka aiko ba su kai ta asibiti da tsakar dare, sai mutum. Wa ka wakilta, kuma ya yarda, ko kuwa shi ma da safe zai ji ka tafi?

Abin da ya kamata

Ga abin da na ke kira shiri. Na farko, da zarar takarda ta tabbata, ka je ka gaya wa shugaban sashe baki da baki, sa'an nan ka rubuta. In kana da niyyar komowa ka nemi hutun da ba albashi, ka faɗi shekarun da gaskiya. In ba ka da niyya ka ajiye aikin, don a ɗauki wani. Kada ka ci albashin kujerar da ba ka kai. Na biyu, ka tara ɗalibanka ka gaya musu da bakinka. Wanda ya kusa gamawa ka tsaya ka gama da shi, ko da zai ci maka barcin wata 2. Wanda ke da saura ka kama hannunsa ka kai shi wurin malamin da ya san fannin, ku zauna ku uku. Na uku, in akwai takardar alkawari da ka sa wa hannu lokacin da aka biya maka karatu, ka cika shekarun ko ka biya kuɗin, gama bashi ba ya faɗuwa don mai shi ya haye teku. Na huɗu, ka miƙa makullai, da takardun jarrabawa, da sakamakon yara, a rubuce a sa hannu. Na biyar, ka bar wani abu a baya. A yau da intanet malami yana iya duba kundin ɗalibi daga ko'ina, yana iya karantar da aji ta kwamfuta, yana iya aiko da littafin da nan ba a samu.

Shehu Ahmadu Baba na Tumbuktu bai ma tafi da son ransa ba. A 1594 sojojin Maroko suka kai shi Marrakush a ɗaure, bayan an washe masa littattafai. Da aka sassauta masa ya karantar a can, manyan malaman birnin suna zama gabansa. Duk da wannan ɗaukaka, da ya sami izini sai ya komo Tumbuktu a 1608, ya ci gaba da karantar da mutanensa. Malam Muhammadu Bakatsine kuwa ajali ya riske shi a Alƙahira, littattafansa suka zauna can a gidan mai masaukinsa, Hasan al-Jabarti. Dukansu malamai ne na alfahari. Amma mai shirin tafiya ya dubi su biyun, ya tambayi kansa me garinsu zai gada daga gare shi.

Hukumomi ma suna da nasu kason. In ana so mutane su riƙa sallama, sai a sauƙaƙa sallamar. Malamin da ya zo da gaskiyarsa kada a riƙe masa takarda wata da watanni, har na bayansa su koyi cewa ƙarya ta fi sauri. Tun 1987 Nijeriya ta kafa wani shiri na aika malamai da likitoci su yi aikin shekara 2 a ƙasashen Afirka da na Karebiyan su komo. A 2013 kuma gidauniyar Carnegie ta Amurka ta fara ɗaukar nauyin malamai 'yan Afirka da ke koyarwa a Amurka da Kanada, su zo jami'o'in Nijeriya da wasu ƙasashe su yi aikin 'yan makonni. Ashe hanyar zuwa da komowa ba gagararriya ba ce, in an so a share ta.

Ku kuma iyaye da 'yan'uwa, laifinku ba kaɗan ba ne. Wani abin da ke sa su ɓoyo tsoronku ne. Da an ji mutum zai fita sai kowa ya kawo buƙatarsa, wannan jinka, wannan aure, wannan waya, kamar can a bakin titi a ke tsintar fam. Ku rage masa kaya. In ɗanku ya zo muku da albishir, bayan kun yi masa addu'a ku tambaye shi, "Wa ka bar wa 'ya'yan mutane?" Kakanninmu sun san ci-rani. Mutum ya kan tafi bayan kaka, amma sai ya gyara rumbu, ya damƙa gona a hannun wani, ya yi sallama da mai unguwa, ya faɗi lokacin da za a sa ido. Wanda ya fita da tsakar dare ba wanda ya sani, ba ɗan ci-rani a ke ce masa ba, wani suna gare shi.

Dokta bai ji daɗin maganata ba a ran nan, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Bayan mako guda sai ga shi da dare, ya ce, "Yaya, ka ja mini layi a takarda irin ta ofis." Na ja masa gida 4: sunan ɗalibi, inda ya tsaya, wanda zai karɓe shi, ranar da za a miƙa. Muka cika layi 7. Biyu daga ciki ya rubuta sunansa da kansa a gida na uku, ya ce zai gama da su kafin ya tashi. Sa'an nan muka tsara takarda zuwa ga shugaban sashe, ta neman hutun shekara 3 ba albashi, da sunan jami'ar da zai je a rubuce ɓaro-ɓaro.

Allah ya kai shi lafiya, ya ba shi abin da ya je nema, ya komo mana da shi da abin da ya fi wanda ya tafi da shi. Ku kuma da ke da ɗa ko ƙane mai irin wannan shiri, ku karanta masa wannan tun bai sayi akwati ba. Wasalam.